Krina Mai Tasi da Ganuwar Moerhoek

A duk yankin nan namu na bakin teku, daga Breskens har iyakar Beljiyam, da wuya ka samu wanda bai taɓa shiga motar Krina Risseeuw ba. Ita ta kai masu naƙuda asibiti, ita ta kai amare coci, ita ta kwaso mashaya ranar kasuwa idan ƙafa ta ƙi ɗaukar mai ita. Amma ba don wannan ake ba da labarinta ba. Ana ba da shi ne saboda abin da ya shiga tsakaninta da mahaifinta da mutanen Kanada, a kan tsohuwar ganuwar tare ruwa da ke bayan gonarsu.

Shekararta tara yaƙi ya iso ƙauyensu, Moerhoek, a kakar 1944. Jamusawa sun riga sun sako ruwan teku cikin gonaki, sun haƙa ramuka a jikin ganuwa, sun kuma ɗora bindiga mai aman wuta a saman rumbun mahaifinta, Izaak. Sojojin Kanada na tahowa daga kudu, suna rarrafe cikin laka. Mutanen gida da maƙwabta suka shige ɗakin ƙasa inda ake ajiye dankali, suka zauna a kan buhuna, igwa tana ta girgiza bango.

Wata safiya igwar sojojin Kanada ta samu rumbun, ya kama da wuta. Daga ƙarƙashin ƙasa suna jin haniniyar dawakin noma. Bram, yayan Krina, saurayi ɗan shekara goma sha tara, bai shawarci kowa ba, ya ture murfin ɗakin ya fita. Ya kwance doki biyu ya kore su waje. Ya koma don na ukun, rufin ya rufto. Sai da maza uku suka danne Izaak, da shi ma ya bi ɗansa.

Da ƙura ta lafa, sojojin Kanada suka shigo ƙauyen, laka har gira, ba ka gane fari da baƙi a cikinsu. Gawarwakin 'yan'uwansu na jere a gindin ganuwa, an lulluɓe su da barguna. Mutane suka fito suna murna suna rungumar su. Wani hafsa ya miƙa wa Izaak hannu, Izaak ya mai da hannuwansa baya ya harɗe. Abin da ya faɗa ran nan, shi ya yi ta maimaitawa shekara da shekaru: Jamusawa sun yi shekara huɗu a gonarsa ɗansa na raye, waɗannan masu ceto ko mako ba su cika ba.

Mahaifiyar Krina ba ta daɗe ba bayan haka ta rasu. Izaak ya sake gina rumbu da hannunsa, ya rene Krina da ƙaninta Sander. Ba mugun mutum ba ne, kowa ya shaida. In saniyar maƙwabci ta faɗa rami, shi ne farkon zuwa da igiya. Amma duk ranar bikin samun 'yanci, gari na kaɗa tuta ana busa ƙaho, shi sai ya ɗaura wa doki garma ya juya wa gari baya.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Krina ta ɗauko taurin kan ubanta kaf, ba ta rage wa Sander ko kaɗan ba. Ta iya tuƙa tarakta kafin ta iya ɗinki. Ta auri Jannis, bakanike mai fara'a, wanda ke da wata baƙar tasi guda ɗaya tilo a ƙauyen. Ba su daɗe da aure ba wata mota da yake gyarawa ta zamo ta danne masa ƙugu, tun daga nan bai ƙara tsayuwa ba sai da sanduna. Krina ba ta zauna kuka ba. Ta ɗauki makulli, ta tafi bakin jirgin fito na Breskens ta jera motarta a layin maza.

Ba su raga mata ba. Wani direba mai ƙaton tumbi ya leƙo ta taga ya tambaye ta wa ta bar wa tukunya a kan wuta.

Ta ce, “Matarka, malam. Ta ce in na dawo in kai ta inda za ta huta da ganin fuskarka.”

Daga ranar suka san ruwa ba sa'an kwando ba ne. Turancinta kuwa a bakin masu zuwa hutun bazara ta tsince shi, karyayye ne amma yana kai ta inda take so.

A kakar 1969, jirgin fito ya sauke wani mutum mai faɗin kafaɗa, hannuwansa kamar shebur, wuyansa ja saboda rana. Ya ce sunansa Alban Doucette, tsohon soja ne, manomin dankali daga wani tsibiri a gabashin Kanada. Yana neman wani ƙauye da ake kira Moerhoek, inda ganuwa ta yi kwana kusa da ƙofar ruwa, da wata gona mai babban rumbu. Wuri ɗaya ne ganuwar ta yi kwana a duk ƙauyen, kuma Krina ta san gonar wa ke wurin. Don ta samu lokacin tunani, sai ta ce masa ai baƙi kan fara da maƙabarta ne. Ya ce to.

Ta tsallaka da shi iyaka zuwa Adegem, inda aka binne 'yan Kanada da suka mutu a yankin. Sau nawa ta wuce ta bakin ƙofar nan da fasinja, ba ta taɓa shiga ba. Ran nan ta bi shi a baya. Fararen duwatsu ne sahu sahu cikin ciyawa, kowanne da zanen ganye a kansa. Alban ya riƙa bi yana tsayawa, yana gaishe su kamar wanda ya tarar da abokai a bakin kasuwa. Ya gaya wa wannan ƙanwarsa ta yi aure ta haifi tagwaye. Ya gaya wa wancan an sayar da jirginsa na kamun kifi, kuma wanda ya saya bai iya riƙe shi ba. Krina kuwa shekarun da ke jikin duwatsun take karantawa. Goma sha tara, ashirin, goma sha tara. Sa'o'in Bram ne. Ta tashi tana jin labarin waɗanda suka harba igwa, ba ta taɓa kawo wa ranta cewa su ma 'ya'yan wasu ne da aka jira a bakin ƙofa ba.

A bakin mota ta gaya masa gaskiya, cewa gonar da yake nema ta mahaifinta ce, kuma yayanta a cikin rumbun nan ya mutu. Alban ya ce in haka ne ta mai da shi bakin jirgi, ba zai je ya fama wa tsoho miki ba.

Ta ce, “Ka ƙetaro teku guda, sannan ka koma saboda tsoho ɗaya? Shiga mota.”

Sun tarar da Izaak yana gyaran ƙyauren gona. Kallo ɗaya ya yi wa baƙon ya gane daga inda ya fito. Ya ce wa Krina ta gaya masa ya makara, babu sauran abin ƙonawa. Krina ta juya ta ce wa Alban mahaifinta na yi masa maraba, sai dai aiki ya yi masa yawa.

Alban ya ce, “Malama direba, ni ma ina da uba. Wannan muryar ba ta maraba ba ce. Faɗa mini yadda ya faɗa.”

Ta faɗa masa. Ya cire hularsa. Ya ce bindigar da ke saman rumbun ce ta kashe abokansa suna rarrafe a gindin ganuwa, ɗaya bayan ɗaya, kuma shi da bakinsa ya roƙi Allah igwa ta samu rumbun. Bai san ɗan wa ne ya mutu a ciki ba sai yau. Ba ya neman komai, so yake kawai ya tsaya a inda suka kwanta. Krina ta juya maganar kalma kalma, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba.

Izaak ya ce, “Ganuwa ta hukuma ce. Ƙofa tawa ce.” Ya ja ƙyaure ya rufe.

Krina ta zagaya da baƙon ta bayan gari, ta ajiye mota inda titi ya ƙare. Suka ratsa kwalbati da ƙafa, takalmanta na zuwa coci suka cika da ruwa. A kan kwanar ganuwar, Alban ya durƙusa, ya dafa ƙasa da tafukansa biyu, kafaɗunsa na rawa. Ita kuma ta juya tana kallon teku har ya gama.

Mahaifinta bai sake yi mata magana ba sai bayan sabuwar shekara. Jannis ya ce mata ta taɓo gidan rina. Ta ce ai ita ma 'yar gidan ce, harbin ba zai kashe ta ba.

Alban ya koma gida ya ba da labari, labari kuwa ya yi ƙafa. Sai ga su suna zuwa, ɗaya ɗaya, bibbiyu. Tsofaffin sojoji, da matan da suka yi takaba tun suna 'yan mata, da iyaye mata masu dogara sanda, da ƙanne waɗanda ba su san yayyensu ba sai a hoto. Da sun sauka daga jirgi sai su tambayi mace mai tasi. Krina ba ta karanta tarihin yaƙin a makaranta ba, a bakinsu ta koye shi. Wannan ya nuna mata magudanar da suka tsallaka cikin kwalekwalen tamfol, wancan ya nuna mata gidan da ya kwana a tsaye ruwa har ƙirji. Wanda ya zo bayansu yana neman inda ɗan'uwansa ya faɗi, sai ta haɗa wannan da wancan ta kai shi wurin. In ba ta sani ba takan ce ba ta sani ba, su shiga gida gida suna tambayar tsofaffi.

Tasi ta yi kaɗan, suka sayi tsohuwar ƙaramar bas. Jannis ya zauna a kujera yana nuni da sanda, Krina na kwance a ƙarƙashin mota da sifana, suna faɗa suna dariya har bas ta tashi. Ba ta fita sai da butar kofi da kwandon burodin kirfa mai suga, don ta lura kuka na sa yunwa. A ƙauye kuwa ba kowa ne ya ji daɗi ba. Gidaje da yawa sun yi asara a wancan ruwan wutar, ba Izaak kaɗai ba. Akwai masu cewa 'yar Izaak ta zama 'yar rakiyar waɗanda suka kashe yayanta. Maganar takan iso kunnenta a shagon burodi, ta biya kuɗinta ta yi sallama ta fita.

Sai shekarar 1974 ta zo da ruwan da tsofaffi ba su taɓa ganin irinsa ba. Tun farkon kaka sama ta ɓalle, ba ta ɗauke ba. Injinan tono suka nutse har gindi, tarakta ta je jawo su ita ma ta kafe. Dankali na ruɓewa a ƙasa mutane na kallo. Sander, wanda gonar ta koma hannunsa, ya rame ya yi baƙi. An ce za a turo sojoji su taya manoma tono da hannu, amma kafin su iso Moerhoek sai an ga abin da ya rage.

A wannan kakar ne kuma aka cika shekara talatin da yaƙin. Alban ya dawo, wannan karon da abokansa cike da bas, kowa cikin baƙar kwat da lambobin yabo a ƙirji. An tsara musu safiya a maƙabarta, da rana kuma liyafa a zauren gari, inda magajin gari zai yi jawabi. Sun fito daga maƙabarta ke nan, hanya ta biyo da su ta gefen gonar. Can cikin laka sai ga Izaak, tsoho mai shekara saba'in da huɗu, a durƙushe da kwando, buhu a kansa saboda ruwa. Sander da matarsa na gefe, su uku a gonar da ido ba ya ganin ƙarshenta.

Alban ya ce Krina ta tsaya. Ya cire kwat ya ninke a kan kujera, ya naɗe ƙafar wando. Krina ta tuna masa magajin gari na jira. Wani siriri mai sanƙo daga kujerar baya ya ce jawabi ba ya ruɓewa, dankali ne ke ruɓewa. Wani ya ce ai su da lakar nan tsofaffin abokai ne, rashin kunya ne su wuce ba su gaisa ba. Kafin ta ankara bas ta zama fanko, sai kwat kwat a kan kujeru. Ba su bi ta ƙofa ba, ta kwalbati suka tsallaka, da takalman biki.

Izaak ya miƙe a hankali, yana dafe da ƙugu. Krina ta biyo su da gudu, don ta san bakin ubanta. Ya dube su suna ɗaukar cokulan tono masu yatsu daga kan amalanke. Ya dubi sama. Ya dubi gonarsa. Manomi dai manomi ne, ba a korar hannu ranar girbi.

Ya ce, “Ke, gaya wa wancan mai sanƙon ba haka ake kafa cokali ba, yana huda mini dankali.” Ya dubi Alban, wanda tuni ya tone rabin kunyar dankali. “Wancan ƙaton kuma ki bar shi, ya san aiki.”

Suka yi ta tono har rana ta faɗi. Washegari suka dawo, da takalman roba da Krina ta bi gida gida ta aro. Aka watsar da sauran ziyarce ziyarcen. Mutanen ƙauye suka fito kan ganuwa kallo, suka ga dattawa masu furfura daga wata duniya suna rarrafe a lakar Izaak suna waƙa, kunya ta kama su. Mai shagon burodi ya rufe shago ya shiga. Limamin coci ya shiga. Har matan da ke yi da Krina suka zo da kwanduna. Magajin gari da ya gaji da jira ya biyo sawu, jawabinsa a aljihu, aka miƙa masa buhu. Da aka gama gonar Izaak aka faɗa ta maƙwabci, daga nan aka wuce ta gaba. Ba duka aka ceto ba, amma babu gidan da ya tashi hannu rabbana a Moerhoek a shekarar.

Ranar da aka kammala, matan ƙauye suka dafa miyar wake mai kauri da nama a manyan tukwane, aka jera tebura cikin rumbu. Izaak da kansa ya nuna wa Alban wurin zama kusa da shi, Krina a tsakani. Ba su fara da yaƙi ba, da dankali suka fara. Alban ya ce ƙasar tsibirinsu ja ce, mai laushi, dankalinta kamar kan jariri. Izaak ya ce dankalin da ya yi girman kan jariri ruwa ne kawai a cikinsa, sai dai a ba alade. Alban ya ce wanda bai taɓa fita ƙauyensu ba shi ke cewa miyar gidansu ta fi. Izaak ya ce wa Krina ta gaya masa shi bai fita ba, amma ga Alban ya dawo sau biyu. Suka yi ta yi, Krina na juyawa har muryarta ta dushe, mutane na riƙe ciki.

Can da hayaniya ta ragu, Izaak ya ajiye cokali ya tambayi sunayen waɗanda suka kwanta a gindin ganuwar. Alban ya faɗa masa, da garuruwansu, da sana'ar iyayensu. Izaak ya saurara har ƙarshe. Sannan ya yi abin da Krina ba ta taɓa jin ya yi ba tun tana yarinya, ya kira sunan Bram da bakinsa, ya ba da labarin dawakin. Alban ya zuba masa ido. Ya ce ya gan su. Yana kwance cikin laka ya ga dawaki biyu sun fito daga hayaƙi a guje, gezarsu na turiri, da wani dogon saurayi a bayansu yana kaɗa hannu yana kora su. Ya ce a ranar ya ga maza da yawa, amma bai ga wanda ya juya ya koma cikin wuta da ƙafarsa ba sai shi.

Izaak yana ƙarƙashin ƙasa lokacin da abin ya faru, bai ga komai ba. Shekara talatin ba wanda ya iya gaya masa yadda ɗansa ya yi. Ya ce Krina ta sa a maimaita masa. Aka maimaita. Ya goge fuska da bayan hannu, ya tura wa Alban kwanon burodi, ya ce ya ci, ya rame.

Bayan 'yan shekaru sai hukumar filaye ta zo da shirin haɗe gonaki. Tsohuwar ganuwar ba ta tare ruwan komai yanzu, an gina sabuwa can gaba, don haka za a baje ta a mai da ita gona. Manoma da yawa sun so haka, kuma ba laifinsu, ƙasa ƙasa ce. Krina ta tashi haiƙan. Duk wanda ya shiga motarta, ko asibiti za shi, sai ya ji huɗuba kafin ya sauka. Har aka riƙa cewa gara ka tafi da keke cikin ruwa da ka shiga tasin Krina a watan nan. Duk da haka, ranar taro a zauren gari, da ta gama magana ta duba fuskoki, ta san ba ta da rinjaye.

Sai aka ji sanda na ƙwanƙwasa daɓe. Izaak ne ya miƙe. Masu son a baje suka gyara zama, don kowa ya san ra'ayinsa game da 'yan Kanada, ko dai ya ɗauka ya sani.

Ya ce, “Ku baje ganuwarku, ban hana ku ba, ni ma manomi ne. Amma kwanar nan da filin da ke gindinta, gonata ta kewaye su, kuma ba injin da zai bi ta ƙasata ya taɓa su ina numfashi. Na ba da filin a kafa dutse. Sharaɗina ɗaya. Dutse guda za a yi, ba biyu ba. A sa sunayen yaransu da suka mutu a nan, a sa na mutanen ƙauyen nan da suka mutu a makon, a cakuɗa su. Kada in ga an ce waɗannan sama waɗannan ƙasa.”

Wata tsohuwa da ta rasa 'ya'ya biyu a ruwan wutar ta ce in dai za a sa sunan nata, ita ta yarda. Daga nan hannuwa suka fara tashi. Hukuma ta ga ba riba a jayayya da tsoho kan ɗan lungu, ta baje sauran ta bar kwanar.

Krina ta buga wa Alban waya tana ɗar ɗar, don ba ta san ko tsofaffin sojoji za su yarda a haɗa sunayensu da na farar hula ba. Ya ce wace irin tambaya ce wannan, laka ɗaya suka kwanta. Ya ce kuma kada su wahalar da kansu neman dutse. Da bazara sai ga jirgin ruwa ya sauke wani jan dutse daga tsibirinsu, wanda manoman can suka haƙo suka yi karo karo suka aiko. Sander ya ɗauko shi a bayan tarakta, yara na bin sa da kekuna har ƙauye.

An buɗe shi a kakar 1984, rana ta fito tar kamar an roƙa. Krina ta yi ta jigila daga bakin jirgi tun da hantsi, har direbobin da suka yi mata ba'a a da suka jera motocinsu a bayanta, ita ce gaba. Ganuwa ta cika, gona ta cika, wasu suka hau kan rumbu. Masu busa algaita mai salka suka taho daga bakin titi cikin sahu, sautin na ratsa ƙashi. Izaak ya sa baƙar kwat ɗin da bai ƙara sawa ba tun jana'izar matarsa. Shi ya kama gefe ɗaya na mayafin, Alban ya kama ɗaya, suka ja. Aka karanta sunayen yadda suke a jikin dutsen, na Kanada na bin na Moerhoek, na Moerhoek na bin na Kanada. Da aka zo kan Bram Risseeuw, tsofaffin sojojin nan, ba wanda ya ba su umarni, suka ƙame suka sara. Krina, wadda ta yi shekaru tana miƙa wa wasu hankici, ran nan sai da Jannis ya miƙa mata nasa.

Izaak ya rasu bayan hunturu biyu, a gadonsa, yana faɗa da Sander kan irin da za a shuka. Jannis ya bi shi bayan wasu shekaru. Krina ta ci gaba da tuƙi. Tsofaffin sojojin suka fara raguwa, 'ya'yansu da jikokinsu suka maye gurbi, har da ɗalibai cike da manyan motoci, waɗanda malamansu kan sauka su ba ta abin magana su koma gefe.

Tana da shekara sittin 'ya'yan Alban suka aiko mata da tikitin jirgin sama. Ba ta taɓa hawa ba, kuma ta gaya wa kowa ba ta yarda da motar da ba ta ganin direbanta ba. Amma ta je. Aka ɗauko ta daga filin jirgi, aka ce za a biya da ita wani ɗan zauren coci ta sha shayi. Da aka buɗe ƙofa ta ga zauren a cike maƙil. Mutanen da ta taɓa ɗauka ne, da iyalansu, wasu sun yi tafiyar kwanaki a mota daga can yammacin ƙasar. Ga wata matar da ta taɓa riƙe wa lema a Adegem, ga mai sanƙon da ke huda dankali, ga Alban a gaba da sandarsa. Gaba ɗaya suka miƙe tsaye suna tafi, suka ƙi dainawa.

Aka ce ta yi magana. Matar da ta rufe bakin direbobin Breskens ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Ta dubi wannan, ta dubi wancan. Da ƙyar ta ce, “Ku zauna mana, abinci zai huce.” Zauren ya ɗauki dariya, aka jawo mata kujera a tsakiya, aka tula mata jajayen ƙaguwar teku a faranti, yara na koya mata yadda ake fasa su.

Ta yi wata guda a can, kowane gida na jan ta. Da ta dawo, Sander ya ce yanzu kam sai ta huta, ta ga duniya. Ta ce sai dai wani makon, don ta yi wa wasu 'yan'uwa mata biyu daga Winnipeg alkawari, gobe jirgin safe zai sauke su, kawunsu suke nema.